Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gwanintar Mai Gyaran Injin Wanki

Injin wanki yakan ɓoye aibinsa muddin yana cuɗa kaya a hankali. Sai an zo wajen matsa, lokacin da gangar ciki za ta sheƙa da gudu don ta tatse ruwa daga tufafi, asirinsa ke tonuwa. A nan ne wani zai kama karkarwa har robar sabulun da aka ɗora a kansa ta faɗo. Wani ya riƙa tafiya da kansa har ya je ya tokare ƙofar banɗaki. Wani ya yi ta ruri har maƙwabta su ji, wani kuwa ya tsaya cik, ya bar wa uwargida kaya sharkaf a cikin ruwa. Duk waɗannan, idan an kira mai gyara, magana ɗaya ake faɗa masa: "Injin ya lalace, ba ya matsa."

Daga wannan maganar masu gyara suke rabuwa gida biyu. Akwai wanda tun bai ajiye jakarsa ba ya riga ya yanke hukunci, moto ya ƙone ko fanel ya mutu, a kawo kuɗi. Akwai kuma gwani, wanda zai daɗe a tsaye bai ɗauki sukundireba ba. Aikin wannan na biyun ya cancanci a tsaya a kalla, domin yana da tsari: yakan fara da tambaya, ya bi da kunne, sannan tafin hannu, ƙarfe ne na ƙarshe. Yakan fara da abin da ba ya cin ko kwabo kafin ya kai ga mai tsada.

Ba za a gane darajar wannan tsari ba sai an san irin ƙarfin da ke cikin akwatin nan. Inji mai ƙofa a gaba yakan juya gangarsa kamar sau 50 a minti ɗaya lokacin wanki. Da an zo matsa sai gudun ya haura 1,000, ko 1,200, wasu har 1,400. Juyi 1,200 a minti, sau 20 ke nan a cikin sakan guda. Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa a gona ya san yadda ƙaramin dutse ke ƙara nauyi a hannu gwargwadon ƙaruwar gudu. A gangar da faɗinta ya kusa rabin mita, idan ta kai wancan gudun, duk abin da ya manne a bangonta yana jan kansa waje da ƙarfin da ya kusa ninkin nauyinsa sau 400. Wannan ƙarfin ne ke fitar da ruwa ta ƙananan hudojin gangar. Idan kaya sun bazu daidai, jan wannan gefe yakan kashe na wancan, inji ya zauna lafiya. Amma idan jiƙaƙƙen tawul mai kilo ɗaya ya dunƙule a gefe guda babu abokin ja, to kusan kilo 400 ne ke fizgar injin hagu, sama, dama, ƙasa, sau 20 kowane sakan, alhali shi injin gaba ɗayansa bai cika wuce kilo 80 ba. Kuma duk lokacin da gudu ya ninka biyu, fizgar takan ninka huɗu.

Masu ƙera injin sun daɗe suna kokawa da wannan. Na farko mai sarrafa kansa da kamfanin Bendix ya fitar a Amurka a 1937, sai an ɗaure shi da daɓen ɗaki da bol da noti, in ba haka ba ya yi tafiyarsa. Daga baya aka samo dabaru. A inji mai ƙofa a gaba, babbar tukunyar da ke riƙe ruwa a rataye take da sifirin daga sama, shoka na tallafe da ita daga ƙasa, an kuma ɗaura mata tubalan kankare masu nauyin kilo 20 ko fiye don su danne ta. A mai buɗewa ta sama, sanduna huɗu ne ke riƙe da tukunyar, a bakin gangar kuma akwai zoben roba da aka rufe ruwan gishiri a ciki, wanda ke gudu zuwa gefen da ba shi da nauyi don ya daidaita juyi. Shi ya sa in ka girgiza irin wannan injin, ko ba a taɓa zuba masa ruwa ba, za ka ji ruwa na motsi. Ɗan koyo sai ya ce ruwa ya maƙale, a kwance a duba. Gwani ya san lafiya ce.

Injinan zamani sun ƙara da wayo. Kafin su zura da gudu sukan fara juyi kamar 100 a minti, suna auna ko moton na jin nauyi a wani sashe na zagayen. In sun ji, sai su tsaya, su juya hagu da dama don kayan su warware, su sake gwadawa. In abin ya faskara bayan gwaji da yawa, sai su rage gudu ko su haƙura da matsar. Saboda haka injin da ya ƙi matsa sau da yawa ƙalau yake, kansa yake tserarwa. Haka kuma kowane inji yana da wani ɗan matakin gudu a farkon tashi inda yake girgiza sosai, da ya wuce shi sai ya natsu. Gwani yana bambance wannan girgizar ta ɗan lokaci da wadda ke ƙaruwa tare da gudu, domin ta biyun ce ke nuna akwai magana.

Shi ya sa yake farawa da baki.

"Hajiya, yaushe ya fara?"

"Tun shekaranjiya, Malam."

"Me aka saka masa a ranar?"

"Bargon yara ne kawai, guda ɗaya tak."

"Da ya tsaya, ruwan ya fita ko yana nan kwance? An matsar da shi daga inda yake? Wutar NEPA ce ko janareta?"

Kowace amsa tana rufe wasu ƙofofi ta bar ɗaya a buɗe. Wannan "guda ɗaya tak" da Hajiya ta faɗa don ta nuna ba ta cika wa injin kaya ba, ita ce amsar da yake nema. Mutane sun ɗauka yawan kaya ne kaɗai ke wahalar da inji, alhali abu ɗaya mai shan ruwa ya fi wuyar daidaitawa: bargon lokacin sanyi, darduma, labule, babbar riga mai nauyin aiki, ko zanen gado da ya haɗiye sauran kaya ya zama ƙulli guda. Gwani zai fitar da komai, ya sa injin matsa babu kaya. In gangar ta yi gudunta sumul, an wanke injin daga zargi. Sai ya mayar da bargon, ya haɗa shi da tawul biyu ko uku, abin ya tafi daidai. Wannan gwajin na ganga babu kaya shi ne ke raba laifin lodi da laifin ƙarfe, kuma minti kaɗan yake ci.

In injin sabo ne, musamman wanda ya zo cikin kayan ɗakin amarya aka kafa shi cikin hanzarin biki, gwani zai fara leƙa bayansa. Kamfani yakan ɗaure tukunyar da dogayen bol uku ko huɗu don kada ta yi ta dukan jikin akwatin a hanya. In ba a cire su ba, sifirin da shoka ba su da aiki, duk fizgar nan za ta sauka kai tsaye a kan akwatin, inji ya yi ta tsalle. Yakan cire su, ya toshe ramukan da murafensu, ya miƙa wa maigida bol ɗin ya ce a adana, domin ranar tashi daga gida, in aka ɗora injin a akori-kura ba tare da su ba, gargadar hanya na iya zame sifirin ko ta karya shoka.

Daga nan sai ƙasa. Yawancin injinanmu a banɗaki ko bayan kicin suke, inda magini ya karkata daɓe da gangan don ruwa ya bi rariya, ga kuma tayil mai santsi. Dubi yadda gwani ke yi: zai ɗora hannu ɗaya a kusurwar gaba ta dama, ɗaya a ta baya ta hagu, ya danna nan ya danna can, sannan ya sauya zuwa sauran biyun. In ya ji ɗan motsi ko da na kaurin takarda ne, ƙafa ɗaya a sama take. Sai ya durƙusa, ya sassauta notin da ke kulle ƙafar, ya murɗa ta har ta taka ƙasa sosai, ya ɗora ma'aunin magina a saman injin ya ga kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan ya ɗaure notin tamau da sufana. Wannan ɗaurin na ƙarshe shi ne abin da masu gaggawa ke mantawa, bayan mako biyu girgiza ta sake kwance ƙafar. Ba ya kuma yarda a cusa kwali ko guntun katako a ƙasa, don ruwa zai jiƙa su su lotse.

In kuwa amsar Hajiya ita ce ruwa na nan kwance, bincike ya koma wata hanya. Inji mai sarrafa kansa ba ya fara matsa muddin yana jin akwai ruwa a cikinsa. A ƙasan gaban injin akwai wata 'yar ƙofa, a bayanta matatar famfon fitar da ruwa take. Gwani ba ya murɗe ta haka kawai ya cika wa mutane ɗaki da ruwa. Zai nemi faranti mai zurfi da tsumma, ya zuƙe ruwan ta ɗan tiyon da ke gefe, sannan ya buɗe. Abin da ke fitowa tarihin gidan ne: fil ɗin gyale, maɓallan kaftani, safar jariri, ƙwallon dabino daga aljihun ɗan makaranta, da yashin ruwan burtsatse. Zai sa yatsa ya juya 'yar farfelar famfon ya ji ko tana tafiya. Sai ya bi tiyon baya ya ga ko ya lanƙwashe a jikin bango. A nan ma akwai sani: inji mai famfo yana son bakin tiyonsa a rataye, tsakanin kamar santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa, amma wanda ba shi da famfo, irin yawancin masu tukunya biyu, sai an kwantar da tiyon ƙasa ruwa zai gangara.

Kumfa ma na hana matsa. Garin omon da muka saba da shi an yi shi ne don wankin hannu a baho, inda yawan kumfa ke faranta ran mai wanki. A inji mai ƙofa a gaba, kumfar nan takan cika tsakanin ganga da tukunya, famfo ya kasa janta, ma'aunin ruwa ya ɗauka har yanzu a cike ake. Da gwani ya ga farar kumfa a gilashin ƙofa bayan ɗauraya, ya san maganin shi ne rage hannu wajen zuba gari, ko sayen wanda aka yi don inji. Shi ma'aunin ruwan kuwa da wani siririn tiyo yake aiki, wanda iskar cikinsa ke matsuwa idan ruwa ya hau. In dattin sabulu ya toshe shi, sai gwani ya zare shi daga jikin ma'aunin ya hura ta wajen tukunya har ya buɗe.

Saura abu biyu kafin a kwance komai. Na farko makullin ƙofa: yakan kasa kunne ya ji ɗan "ƙas" ɗin da yake yi, don inji ba ya gudu in bai tabbatar ƙofa a kulle take ba. Na biyu wuta. Zai soka mitarsa a soket ya karanta. Injin da aka ƙera don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, in ta faɗi ƙasa sosai, ko ƙaramin janareta ne ke ɗauke da shi tare da firji, zai iya lallaɓa wanki amma ya gaza a matsa, moton ya yi ta gurnani yana zafi. In kuma na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, yakan karanta takardar da ke manne a baya, domin na Amurka don wuta 120 aka yi su.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan yake zare fulogi, ya naɗe hannun riga. Zai tura hannu cikin gangar ya wulwula ta, ya karkata kai yana saurare. Lafiyayyar ganga shiru take juyawa. In ya ji gurr-gurr mai kaushi, boris ya tafi. Zai kama leɓen gangar ta sama ya ɗaga ya sauke: in ta motsa ita kaɗai ba tare da tukunyar waje ba, zargi ya ƙarfafa. Sai ya buɗe murfin baya ya duba ƙarƙashin fuli. Jan layin tsatsa da ya gangaro daga tsakiya shaida ce cewa robar da ke tare ruwa ta mutu, ruwa ya shiga ya wanke giris. Don haka gwani ba ya canza boris ya bar tsohuwar roba, ya san bayan 'yan watanni za a sake kiransa. In gangar tana juyawa a karkace tana gogar robar ƙofa, ga kuma ɓarɓashin farin ƙarfe a matata, to ƙarfen nan mai hannu uku da ke riƙe da ita ta baya ne ya ruɓe, domin da gaurayen alminiyam ake yin sa, ragowar sabulu da danshi kuwa suna cinsa a hankali.

Shoka kuma da tafin hannu ake gwada ta. Zai danna tukunyar ƙasa da ƙarfi ya saki. In ta dawo ta tsaya nan take, lafiya. In ta yi ta lilo, shoka ta mutu, kuma duka ake canzawa tare, don sabuwa da tsohuwa ba sa ɗaukar nauyi daidai. Dukan da ke fita dum-dum mai nauyi, sau da yawa notin tubalin kankare ne ya kwance. Moto na gudu ganga na tsaye, ga warin ƙonanniyar roba, bel ne. Inji yana wanki lafiya amma ya kasa ɗaukar gudu, ana ganin tartsatsi a moto, gawayin nan biyu da ke gogar cikinsa ne suka cinye, kuma suna cikin mafi arahar kayan gyara. Mutum nawa aka sa suka sayi sabon moto saboda su? A injinan da moton ke manne kai tsaye a bayan tukunya, irin waɗanda LG ya fara fitarwa a 1998, babu bel babu gawayi, sai ya duba babban notin tsakiya da na'urar da ke ƙirga juyi. Kafin ya ɗora wa fanel laifi kuwa, sai ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, saboda ɓera na son ɗumin ƙarƙashin inji.

Mai tukunya biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu saboda sauƙin kuɗi da rashin buƙatar ruwan famfo, nasa halin daban ne. Tukunyar matsarsa siririya ce, moton na zaune a kan ƙafafu uku masu sifirin, don haka kaya kaɗan in suka karkata sai ta yi ta dukan bango. Gwani yakan koya wa masu gida su sa masu nauyi a ƙasa, su danna da hannu, su rufe da faifan robar nan da yawanci ake yarwa ranar da aka buɗe kwali. In moton na gurnani ba ya tashi, yana zargin abu biyu: kafasita, ko birkin da wata waya ke sakinsa idan an rufe murfi, wadda in ta saki ko ta tsinke birki zai ci gaba da riƙewa. Yakan kuma duba robar ƙarƙashin tukunyar, domin in ta yage ruwa na ɗiga kai tsaye a kan moto. Kafasita kuwa tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, shi ya sa yake sauke ta kafin ya taɓa.

Akwai abin da ba ya yi ko an roƙe shi: haɗe wayar makullin murfi don inji ya riƙa gudu a buɗe. Gida mai yara ne, gangar da ke juyi 20 a sakan ba ta san hannun yaro ba. Wanda ke ganin girgiza wasa ce, ya tuna cewa a Nuwamban 2016 kamfanin Samsung ya yi kiranye ga injina masu buɗewa ta sama kimanin miliyan 2.8 a Amurka, bayan rahotanni fiye da 700 na girgiza mai tsanani ko ɓallewar saman injin ana cikin matsa, har wani ya samu karayar muƙamuƙi.

Haruffan da injinan zamani ke nunawa suna taimako, gwani ya haddace su: UE a LG na nufin kaya sun karkata, OE ruwa bai fita ba, a Samsung UE ko Ub, da 5E ko 5C. Amma ya san harafin yana faɗin abin da injin ya ji ne kawai, dalilin sai an nemo. UE ɗin da bargo ya jawo da wanda matacciyar shoka ta jawo iri ɗaya suke a allo. Wannan sanin ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. Da yawa daga masu wannan sana'a daga gyaran firji, fanka ko naɗin koyil suka faro, suka yi shekaru suna miƙa wa maigidansu sufana, suna kwance matattun injina don ciro kayan gyara, har kunnensu ya iya rarrabe ƙara da ƙara.

Cikar gwaninta kuma gaskiya ce. Injina da yawa na yanzu an narke tukunyarsu ta waje an haɗe ta, ba a buɗewa a kai ga boris cikin sauƙi, canza ta gaba ɗaya kuwa na iya kusantar kuɗin wani injin. Gwani zai ce, "Alhaji, wannan kada ka zuba kuɗinka." In ya yi gyara, yakan ajiye tsohon abin da ya cire a gaban mai shi, sannan ya jiƙa kaya ya saka, ya tsaya da hannunsa a saman injin har matsar ta ƙare kafin ya ɗauki jakarsa.

Abin takaici, irin wannan mutumin ne aka fi yi wa ƙoron kuɗi. In ya murɗa ƙafa ɗaya ko ya ciro fil daga matata, sai a ce ai bai yi komai ba, a miƙa masa na mota. Wanda ya baje kayan inji a tsakar gida ya canza abin da lafiyarsa ƙalau, shi ake biya da murna. Wannan ɗabi'ar ce ke koya wa masu gyara ƙirƙirar aiki. Don haka, mai karatu, in injinka ya fara duka, kashe shi nan take, kada ka zauna a kansa don ka danne shi. Rarraba kayan, gwada shi babu komai, taɓa kusurwoyinsa, buɗe matata. In abin ya fi ƙarfinka, nemi mai gyaran da ke yawan tambaya kafin ya kwance noti, in ya gama cikin minti goma ka biya shi hakkin saninsa cikakke.